Wardin Ɗa'ifa Zai Yi a Kumasi?

Tambaya: Malam, Alhaji ya yo min tsarabar turaren wardi daga Ɗa'ifa. Na sayi wardi a bakin titi, jawur da shi, amma ko ɗigon ƙamshi babu. Ina zan sami irin na Ɗa'ifa in dasa? Hajiya, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Hajiya, wardin zamani aka sayar miki. Masana furanni sun ja layi a 1867, shekarar da wani Bafaranshe mai suna Guillot ya fitar da irin da ake kira La France. Dangogin da suka riga wannan shekara su ne tsohon wardi. Na bayansu an fi zaɓarsu don launi da kyan tsayuwa, shi ya sa wasunsu hanci ba ya samun komai.

Na Ɗa'ifa dangin Dimashƙa ne, wanda ake tatsar ruwan wardi da shi a Iran da Turkiyya da Bulgeriya. Sai dai Ɗa'ifa a kan tsauni take, darenta da sanyi. Sau ɗaya yake fure a shekara, wajen Maris zuwa Afrilu, kuma da sassafe ake tsinkarsa kafin rana ta ƙone mansa. Hunturunmu na Disamba bai kai sanyin da yake buƙata ba. Ni kaina na gwada a bayan gidana a Asawase: shekara uku ina ban ruwa, ganye da ƙaya kaɗai na girba, har babbar rigata ta sallah ya yaga.

Ki nemi dangin ƙasar Sin, irin su Old Blush, waɗanda suka isa Turai a ƙarni na 18. Suna jure zafi, suna fure a kai a kai. Ƙamshinsu bai kai na Ɗa'ifa ba, amma akwai shi. In kin ga mai ƙamshi a tsohon gida, ki roƙi reshe mai kaurin fensir, ki cire ganyen ƙasa, ki soka a tukunya mai yashi a inuwa, farkon damina. In ya kama, ki mayar da shi inda rana ke duka kamar awa shida.

Takin shanu sai wanda ya ruɓe, ɗanye yana ƙona saiwa. Ruwa a gindi, da safe. Da damina za ki ga baƙaƙen ɗigo a ganye. Ki tsince ganyen da suka kamu ki ƙone.

Kuma ki yi masa shinge tun yau. Awakin Aboabo ba ruwansu da ƙaya.