Zanen kifi a bangon unguwa

Malama, kin tambayi yadda matasan unguwarku za su yi aikin zane kan kifi da girki alhali Damagaram ba teku. Ai ba sai da teku ba. Bandar Tafkin Cadi da ake kawowa daga Difa ta ishe ku. Ki kai su Kasuwar Dole da safe, su tsuguna gefen mai banda, su zana tarwaɗar nan da aka lanƙwashe, wutsiya a baki, baƙa ƙirin don hayaƙi. Sai su bi wata gwaggo gida, su ga yadda take ɓarɓasa ta cikin miyar kuka. Bango kuwa, ku nemi izinin mai unguwa tukuna. Ni dai salon zanen gidajen Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya fi min fenti mai ƙyalli.