Kuɗin cefane na ƙarewa kafin wata: kada ki fara da tukunya

Assalamu alaikum. Ƙanwata da kika ce maigida yana ba ki kuɗin cefanen wata a dunƙule, amma kafin ashirin ga wata sun ƙare, kuma in kin waiwaya ba kya ganin wani abin kirki da kika saya, kina tambayar me za ki rage. Na ga 'yan'uwa sun ba ki shawarwari, wasu sun ce ki rage nama, wasu sun ce ki rage mai a miya, har da mai cewa ki koma ɗora tukunya sau biyu a yini. Allah Ya saka musu da alheri, amma ni ban goyi bayan a fara da tukunya ba. Abin da ke shiga cikin yara shi ne na ƙarshe da za a taɓa, kuma a yawancin gidajen da na sani ba ta nan kuɗin ke zurarewa ba.

Kafin komai ki tambayi kanki, yaushe rabon da a ƙara kuɗin nan? Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce dubu. Duk abin da mota ke ɗaukowa ya bi bayanta. A shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70, wato 2024, buhun shinkafa ɗaya sai da ya fi ƙarfin wannan albashin. To idan abin da ake ba ki yau shi ne ake ba ki shekara uku da suka wuce, babu tattalin da zai kai ki ƙarshen wata, wannan magana ce tsakaninki da maigida, zan dawo kanta. Amma kin ce ba kya ganin abin da kika saya, kuma wannan kalmar ce ta sa na zauna rubutu, don na san inda irin wannan kuɗin ke tafiya.

Aike ne. "Kai, zo ka karɓo min sukari na ɗari biyu." "Ke, je ki shago ki ce a ba ki madara biyu da omo ɗaya." Ki ƙirga sau nawa yaro ke fita daga gidanki da kuɗi a hannu daga safe zuwa dare. Ni malamar makaranta ce a Kano, na aurar da 'ya'ya, ina da sauran ƙanana a gabana, kuma abin da na gani a gidana da gidajen ƙannena shi ne, shagon bakin layi ya fi kasuwa cin kuɗin cefane. Ba wai mai shago na cutar kowa ba ne, sana'arsa ke nan. Shi ya je ya sayo buhu ko katan, ya ƙulla a leda, ya ɗora kuɗin motarsa da na haya da ribarsa. Ke kuma kina sayen ƙullin, kin biya duk wannan, sau biyar ko shida a yini. Sannan akwai canji. Yaro ya tafi da ɗari biyar ya sayo abin ɗari huɗu da hamsin, sai a ce babu canji, a haɗa shi da alewa ko biskit, ko kuma ke da kanki ki ce ya riƙe ladan aike. Idan abin da ke salwanta ta wannan hanyar naira 500 ne kawai a yini, a wata ya zama dubu 15. Ki duba kuɗin da ake ba ki, ki ga kaso nawa ne wannan.

Mafi muni shi ne littafin bashi. Da zarar mai shago ya buɗe miki shafi, kin daina jin zafin saye, domin ba kuɗi kike miƙawa ba, magana ce kawai, "a rubuta". Abin da da kuɗi a hannu za ki ce a bari sai gobe, da bashi sai ki ce a kawo biyu. Yara ma suna ganewa, su je su karɓo da sunanki. Ranar da kuɗin wata suka shigo kashi ɗaya cikin uku ya riga ya zama na mai shago, kin fara wata da giɓi, sai ki sake komawa littafin tun kafin tsakiyar wata. Idan kina da irin wannan shafin, ki biya shi ko da a wata biyu ne, ki ce a rufe, ki kuma gaya masa a gaban yaran cewa duk wanda ya zo ba kuɗi kada a ba shi. Turawa ta waya ma ƙanwar bashi ce a wannan fannin. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kowa ya saba da turawa, mai kayan miya da mai awara duk suna da lambar asusu, kuma yatsa ba ya jin nauyin kuɗi yadda tafin hannu ke ji. Ga 'yan cire-ciren da ba a lissafawa: kusan naira bakwai duk lokacin da kika danna lambobin banki a ƙaramar waya, naira 50 ta haraji a turawar da ta kai dubu goma, ga na mai POS duk ciro ɗaya. Shi ya sa nake ciro kuɗin cefane sau ɗaya, in kasa su huɗu, kowane mako da ƙullinsa. Na wannan makon in ya ƙare ranar Alhamis, to Juma'a da Asabar abin da ke cikin sito za a ci.

Ba na cewa ki rubuta duk abin da kika kashe, na san ba mai iya ɗorewa da wannan ga girki ga raino. Aike kaɗai za ki rubuta, wata ɗaya. Ki liƙa takarda a bayan ƙofar kicin, duk yaron da zai fita a rubuta abin da zai sayo da kuɗinsa. Ƙarshen wata za ki ga abubuwa biyar ko shida ne ke ta maimaituwa: sukari, madara, magi, omo, sabulu, man gyaɗa. Su za ki cire daga hannun shago. Mu a layinmu mu huɗu muke haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya shiga kasuwar Singa ya yi mana sari, a zo a raba, kuɗin adaidaita ma a raba. Wadda ba ta da ƙarfin katan tana da ƙarfin rubu'insa.

Sai dai sari yana da nasa tarkon, kuma ba a cika faɗa ba. Kaya in suna da yawa a gida hannu yana saki. Mai aiki ta ga omo a babbar leda sai ta zuba da hannu biyu, yara su ga gwangwanin madara sai shayi ya koma fari tas. Don haka babban yana kulle, na mako kaɗai ake aunowa a ƙaramar roba. Kuma ba komai ake sara ba. Lemon kwalba, biskit, indomi, waɗannan idan kika ajiye katan ɗinsu ba sauƙi kika samu ba, ci kika ƙara. Akwai kuma maƙwabta, "wai in ji Mama a sam mata magi". Ba za ki hana ba, zaman tare ya wuce haka, kuma watarana ke ce za ki aika. Ni na ware wata 'yar roba ta musamman don wannan, in ta ƙare sai in ce wallahi na wannan makon ya ƙare, kuma ban yi ƙarya ba.

Kayan miya da hatsi lokaci ake bi. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Tumatir da tattasai da albasa suna araha ne da sanyi zuwa farkon zafi, lokacin da kayan noman rani na su Kadawa da Kura ke cika kasuwar 'Yankaba, su kuma yi tsada da damina. A lokacin arahar ake yanka tumatir a shanya ya zama kauɗa, a busar da tattasai da attaruhu da kuɓewa. Gero da dawa da masara da wake kuma da kaka ake saye, ko a Dawanau ko a kasuwar ƙauyen da ta fi kusa da ku. Ki sayi na ci, ba na jiran tsada ba, domin a 2025 farashin hatsi ya sauko, waɗanda suka ɓoye don riba sun ji a jikinsu. Wake ki tabbatar ya bushe sarai, ki zuba a jarka mai murfi ki cika ta har baki ki toshe, ko a buhun nan mai leda biyu a ciki, rashin iska ke kashe ƙwarin. Don Allah kada ki zuba masa fiya-fiya, guba ce, yaranki ne za su ci.

Yanzu ga inda zan taɓo wasu. Anko. A shekara biki nawa ake kawo miki atamfa ko leshi a ce "an fitar"? Ga kuɗin yadi, ga ɗinki, ga mayafi da zai shiga, ga gudummawa, ga kuɗin mota, wani lokacin har da lalle da kwalliya. Kuɗin nan ba daga sama suke faɗowa ba, mu faɗi gaskiya, daga cefane ake tsakura. Ni ƙa'idata, ankon 'yan ɗakinmu da na dangin maigida na kusa nake yi, sauran in sa abin da nake da shi in je, in ba da gudummawata daidai ƙarfina. An yi ta magana da farko, har aka ce na cika maƙo, daga baya aka saba, yanzu ba a ma kawo min. Amarya gudummawar da kika miƙa mata za ta tuna, ba kalar zanin da kika ɗaura ba.

Haka dillaliya mai shigowa da ƙullin kaya ta ce "ɗauki kawai Hajiya, kya biya a hankali", da masu tallan kaya a sitatus na WhatsApp. Kwanukan da ke cikin kabad ɗinki nawa ne ba a taɓa zuba abinci a ciki ba? Kayan biyan kaɗan-kaɗan kullum sun fi na kuɗi hannu tsada, don an riga an lissafa jiran a ciki. Abin da nake yi in wani abu ya shiga raina, sai in ce a ba ni mako guda. Mafi yawansu kafin makon ya cika na manta da su. Wanda har yanzu nake tunawa, shi nake nema wa kuɗi, kuma ba daga ƙullin cefane ba. Masu sitatus ɗin da suka fi jan raina kuwa na rufe ganin nasu, muna gaisawa lafiya lau.

Waya ba zan daɗe a kanta ba. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, don haka ki shiga WhatsApp ki kashe saukar bidiyo da kansa, ki duba ko akwai waƙar kira ko wani tsarin da ake cire miki kuɗi ba ki sani ba, ki daina rancen kati, don akwai ladan da ake yanka tun kafin ya shigo. Kuɗin tara na yara ma abin dubawa ne. Ɗanwake ko wainar fulawa ko dafaffen dankali a 'yar kula, da ruwa a gora daga gida, sun fi riƙe ciki a kan biskit da ruwan leda, sai dai ki riƙa ba su ɗan wani abu ranar Juma'a don kada su zama 'yan kallo.

Akwai abin da ban yarda a rage ba ko ana cikin wane hali: maganin da likita ya rubuta, ƙwai ko wake ko kifin yara, sabulun wanka da na wanke hannu, da ɗan abin sadaka. Kuma ba kowace araha ce sauƙi ba, takalmin makarantar da zai tsinke kafin hutun rabin zango sau biyu za ki saye shi. Tattali daban, ƙuntatawa daban. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi waɗanda in za su ciyar ba sa almubazzaranci kuma ba sa ƙwauro, suna tsakatsaki.

Sai maganar maigida. Takardar nan ta bayan ƙofa ita ce za ta yi miki magana. Idan kika ce masa "kuɗin ba sa isa" baki da baki, abin da zai ji shi ne ƙorafi, wataƙila ma ya ce ba ki iya riƙo ba. Amma in kika bari ya ci abinci ya huta, kika ajiye masa lissafi, kika ce "Abban yara, ga abin da na rage da kaina, ga farashin mudun shinkafa da na wake a yau, ga giɓin da ya saura", to kin ba shi abin da zai kama. Da yawansu rabonsu da shiga kasuwar kayan miya tun suna samari. Ki roƙe shi ya ɗauke miki manya, wato hatsi da mai da gas ko gawayi, ya riƙa sayowa da kansa, ke ki riƙe na yau da kullum. Shi ma yana da nasa aiken, shayin majalisa da tsiren dare da kuɗin gidan kallon ƙwallo, amma kada ki soma da wannan a zaman farko, in ya ga takardarki shi da kansa zai tuna da tasa.

Abin da ya yi saura a ƙullin mako kuma kada ya kwana a jakar da kike cefane da ita, zai bi sahu. Ki jefa a asusun ƙasa ko na katako wanda sai an fasa, ko ki shiga adashin mako wurin uwar adashin da kuka daɗe da sani, ki nemi ɗaukarki ta faɗo daidai kaka, lokacin da za ki auni hatsi.