Tambaya da Amsa: Kazar Yarinya Ba Ta Baƙo Ba Ce

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku a Funtuwa. Bara kakar yara ta ba 'yata mai shekara 8 sagara, ta sa mata suna Amarya. Yanzu yarinyar nan ba ta cin tuwo sai ta gutsura mata, da dare kuma sai ta lallaɓa ta shigo da ita ɗaki ta kifa mata kwando a ƙarƙashin gado. Sauran kajinmu shida duk sun mutu da hunturun da ya wuce, ita kaɗai ta tsira. Maigida ya ce in yayansa ya zo daga Legas ita za a yanka, wai sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Yarinya ta kwana tana kuka. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya miki su. Wasiƙarki ta tayar mini da wani tsohon miki, don haka ki yi haƙuri in fara da kaina.

Ina kamar shekarun 'yarki gwaggona ta ba ni wata kaza wake-wake. In na dawo daga makarantar allo, tun daga zaure nake kiranta, ta taho da gudu tana jan fiffike. Wata Alhamis na dawo na yi ta kira shiru. Da na zaga bayan madafa sai na tarar da gashinta a jiƙe cikin tsohuwar tasa, ruwan zafin bai ma huce ba. An yi baƙo. Babu wanda ya yi nufin cuta ta, babu kuma wanda ya ga dalilin tambayata. Da dare aka miƙo mini ƙafa da wuya a kan tuwo na kasa ci. Yau na haura shekara 50, har yanzu ina ganin tasar nan.

Karin maganar da maigidanki ya kawo gaskiya ce, kaza halal ce kuma ƙarshenta tukunya. Amma tambayar ita ce, kazar wa? A al'adarmu in kaka ta ba jika kaza, ta ba ta jari ne. Kaza ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, a sayar da zakaru a haɗa a sayi 'yar akuya, akuya ta haihu, kafin yarinya ta isa aure tana da abin da za a ƙara mata a kayan ɗaki. Iyayenmu da haka suka koyi tattali. Kyauta in ta shiga hannun yaro ta zama dukiyarsa, uba mai tsare masa ita ne. In aka yanka Amarya ba da yardar mai ita ba, abin da yarinya za ta koya shi ne nata ba nata ba ne muddin babba yana so.

Kada kuma kowa ya ce mata kukan nan shirme ne. Ƙanen Anas ɗan Malik, wanda ake wa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu yaron ya shiga damuwa, Manzon Allah (SAW) da kansa ya riƙa tambayarsa labarin ɗan tsuntsun nasa yana lallashinsa. Wannan hadisi ne ingantacce. In shugaban halitta bai raina baƙin cikin yaro a kan tsuntsu ba, mu ba mu da hujjar rainawa.

Ki samu maigida shi kaɗai, bayan ya ci ya huta, ba a gaban yara ba. Kada ki ɗauko maganar tausayi da farko, ki ɗauko lissafi. Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15 kafin ta kwanta, kwancin kwana 21 ne, kuma takan zagayo sau uku ko huɗu a shekara. Wanda ya yanka uwa don miyar dare ɗaya ya yanka har da 'yan tsakin da ba a ƙyanƙyashe ba. Ki ce a sayo zakara a kasuwa don Yaya, in da hali ki sa naki a ciki. Zakaran kuma a ɗaure shi nesa da Amarya, a yanka shi a ranar, dalilin yana tafe.

Yanzu ga inda ba na bayan 'yarki: kwanan ɗaki. Wannan a daina daga yau. Kaza ko lafiyarta ƙalau kashinta yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa yara gudawa da zazzaɓi, ga ƙuma da ƙwarƙwata da ke sauka cikin shimfiɗa. Tunda kina da ƙanana, wanda yake rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kai wa. A yi mata akurki a tsakar gida, a ɗaga shi daga ƙasa, a bar masa kafar shan iska, a yi masa ƙofar da muzuru da gafiya ba za su ture ba. Ki sa yarinyar a aikin, ita za ta zuba toka a ƙasansa, ita za ta share duk bayan kwana biyu, ita za ta buɗe da safe ta rufe da magariba. Ta ɗauke ta, ta shafa ta, ba laifi, amma ban da sumbata, ban da ci a kwano ɗaya, kuma sabulu da ruwa kafin hannu ya koma ga abinci. In kika nuna mata wannan ɗakin Amarya ne, ba korar ta aka yi ba, za ta karɓa.

Sai kajin nan shida. Ban gan su ba, amma mutuwar kaji jere da juna a hunturu galibi annobar nan ce da masu kiwo ke kira fakat, likitoci kuma Niyukasil. Kaza ta takure ta saki fukafukai, ta riƙa buɗe baki tana neman numfashi, kashinta ya koma kore, wata wuyanta ya murɗe ta yi ta juyi. In ta kama babu maganinta. Kafso ɗin nan mai ja da rawaya da ake warewa a ruwa, da barkono, da ɓawon maɗaci, babu wanda ke kashe wannan ƙwayar. Rigakafi kaɗai ke tare ta. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda ta faro tun 1924, tana yin wani rigakafi mai suna I-2 wanda ya fi sauran jure zafi, an yi shi ne don irin kajinmu na gida. Ɗigo ɗaya ake yi a ido, a maimaita duk bayan wata uku zuwa huɗu. Ki je asibitin dabbobi ki tambaya tun kaka, kafin iska ta juya. Kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, kuma in an haɗa ta ba ta kwana, don haka ki tara maƙwabta a yi rana ɗaya. Lafiyayyu ake yi wa, ban da wadda ta riga ta kwanta.

Cutar nan kuwa sau da yawa da kuɗinmu muke sayo ta. Wanda ya ga kajinsa sun fara mutuwa sai ya kwashi sauran ya kai kasuwa da araha. Duk baƙuwar kazar da za ta zauna, a ware ta mako biyu tukuna. In kuma kaji suka zube da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada yara su taɓa, kada a fige, a sanar da malaman dabbobi. Murar tsuntsaye da ta ɓulla a Jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006 tana kama mutum, kuma tana dawowa lokaci zuwa lokaci. Mushe a binne shi da zurfi, ba a jefa a bola kare ya ja ba.

Abinci ba wuya. Dusa, tsakin gero ko dawa, ganyen zogale, da ruwa mai tsabta kullum. Ɓawon ƙwai a gasa a daka a zuba mata, yana ƙarfafa ɓawon wanda za ta yi. Hatsin da ya yi fumfuna a zubar. In ta ƙyanƙyashe, ki koya wa yarinya dabarar gara: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife a inda gara take da yamma. Da safe a juye wa 'yan tsaki, ki tsaya ki ga yadda suke rububi. Makonnin farko su zauna a ƙarƙashin babban kwando, don shirwa ba ta barci.

Wata rana dai Amarya za ta tsufa ta rage ƙwai. Ki fara gaya wa 'yarki haka tun yanzu, a hankali, kuma ki ba ta alkawarin in ranar ta zo ita za a tambaya, ko a sayar, ko a yanka, ko a bar ta.

TAMBAYA: Anti, gidan haya nake a Maraɗi, yarana suna son kaji amma maƙwabta ba sa son carar zakara. Kaza za ta yi ƙwai ba zakara?

AMSA: Za ta yi, ɗana, kuma ƙwan lafiya lau ne a ci, sai dai ba ya ƙyanƙyasuwa. Ka sayi sagaru biyu ko uku, don kaza ba ta son zaman kaɗaici. In ɗaya ta fara kwanci kuma yara suna son 'yan tsaki, ka nemo sababbin ƙwai daga gidan da ke da zakara ka saka mata da dare, za ta rungume su kamar nata.