Kawu, a fara auna suga tukuna

Kawu, ina gaisuwa daga Kumasi, da fatan mutanen Daura duk suna lafiya. Na ji saƙonku a kan ƙujewar da kuka yi a babban yatsan ƙafa yau mako biyar, kuna tambaya ko mu Hausawan zango muna da wani maganin Tonawa, wato Ashanti, da zan aiko. Ku yi haƙuri, ba zan aiko ba, ga dalilina.

Da can a nan unguwar Aboabo, tsofaffinmu gashi suke yi da ruwan zafi da gishiri, a shafa man kaɗe, a ɗaure da tsumma. Haka na taso na gani. A gidanmu Inna ce ta sa muka daina. Takalmi ne ya ɗan goge mata diddige, muka yi wata biyu muna gashi, tana cewa ko kaɗan ba ta jin zafi, mu kuma muna murna. Ranar da na kwance tsumman na ga bakin mikin ya yi baƙi, ga wari, muka garzaya asibiti. Ashe rashin jin zafin nan shi ne abin tsoron. Suga ne ya kashe jijiyoyin ƙafar, jini kuma ba ya isa wurin sosai, to da me nama zai tofo? Allah Ya rufa asiri ba a yanke ƙafar ba, amma sai da ta yi wata uku kafin ta sake takawa.

Tun daga nan, duk mikin da ya wuce mako biyu bai kama hanyar warkewa ba, mukan fara da auna suga da safe kafin a karya. In ya kai 7, wato 126 a wasu na'urorin, likita zai sake aunawa ya tabbatar. Ba suga kaɗai ba ne kuma. Ƙarancin jini da shan taba suna jinkirta warkewa, masu sikila sukan yi gyambo a idon sawu, man bilicin kuma yana siranta fata.

Akwai wanda muke tsoro a nan, gyambon Buruli, da ake samu a ƙauyukan bakin ruwa irin na yankin Amansie. Yakan fara da ɗan kulluttu marar zafi, a ce sammu ne, alhali ƙwayar cuta ce da maganin mako 8 yake kashewa.

Don Allah Kawu, gobe ku je babban asibitin Daura, in sun tura ku Katsina ku tafi, ku tambayi allurar tetanus ma. Kada a barbaɗa toka ko garin kafso. A wanke da tafasasshen ruwa da ya huce, a rufe da bandeji mai tsabta, bayan alwala ku tsane tsakanin yatsu, kada ku taka ƙasa babu takalmi. In an auna, ku kira ni ku faɗa mini nawa ya nuna.