Tambaya da Amsa: Bajekolin Bindigogi da Wuƙaƙe a Amurka

Wasiƙu uku daga cikin waɗanda suka iso mu a wannan watan sun haɗu a kan magana guda, wato bajekolin bindigogi da wuƙaƙe da ake ci a ranakun Asabar da Lahadi a garuruwan Amurka, saboda haka na tara su wuri ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a jihar Oklahoma, wata takwas ke nan da zuwana. Wani Ba'amurke da muke aji ɗaya ya gayyace ni garin Tulsa kallon bajekolin makamai. Ina sha'awar zuwa, domin kakana maharbi ne, na tashi ina ganin bindigarsa ta toka rataye a zaure, amma ina tsoron kada in jefa kaina cikin abin da ban sani ba. Me ake yi a wurin, kuma baƙo irina zai iya sayen wani abu? Daga ɗalibi a Oklahoma.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Abokinka ya zaɓa maka babba, domin bajekolin Wanenmacher da ake yi a Tulsa sau biyu a shekara, a Afrilu da Nuwamba, shi ne masu shi ke kira mafi girma a duniya, da tebur sama da 4,000 a cikin gini ɗaya mai faɗin kusan eka 11. Wanda ya ce zai tsaya a kowane tebur, kwana biyun za su ƙare bai kai ƙarshen layi ba.

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne natsuwar wurin. A bakin ƙofa ana biyan kuɗin shiga, wanda a galibin irin waɗannan tarurruka bai cika wuce dala 10 zuwa 20 ba, kuma duk wanda ya zo da bindigarsa don ya sayar ko ya yi musaya, sai masu tsaro sun tabbatar babu harsashi a ciki, sannan su zura mata igiyar roba su ɗaure yadda ba za ta tashi ba. A ciki kuwa kasuwa ce kamar kowace kasuwa, akwai tayi, akwai albarka, akwai mai kaya da zai ce da kai a kan haka shi ma ya saya. Mai kuɗi a hannu ya fi mai kati samun rangwame, kuma da yammacin Lahadi, lokacin da masu kaya suka fara tunanin wahalar loda abin da bai shiga ba, farashi yakan yi laushi. Sai dai tsofaffin masu zuwa sun daɗe suna ƙorafin cewa sabuwar bindiga ba ta fi araha a can a kan kanti ba, ga kuma teburan busasshen nama da riguna da tarkace sun cinye wuri.

A ganina daɗin wurin yana teburan tsofaffin kaya. A nan za ka iske dattijon da ya kwashe shekaru yana tara iri ɗaya tak, wanda sayarwar ma ba ta dame shi ba kamar ya sami mai sauraro, kuma idan ka tambaye shi ma'anar wani ɗan hatimi da aka buga a jikin ƙarfe, zai gaya maka masana'antar da ta ƙera da shekarar da ta fito. Ka nemi Lee-Enfield ta Ingila mai cin harsashi 10, irin wadda sojojin Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawa masu yawa, suka riƙa a Yaƙin Bama. Ladabin wurin shi ne ba a ɗaukar kaya sai an nemi izini, ba a juya bakin bindiga wajen mutum ko da an san babu kome a ciki, kuma ba a sa yatsa a kunama. Nan ne kuma ake yi wa sabon shiga sakiyar da ba ruwa. Ni kaina na taɓa sayen wuƙar da ake ɗaurawa a bakin bindiga, mai ita ya rantse ta Yaƙin Duniya na Biyu ce, sai daga baya wani masani ya nuna mini cewa sabuwa ce aka sa mata tsatsa da gangan. Labarin baki kyauta ne, hatimi da takarda su ne shaida.

Game da saye kuwa, amsar a taƙaice ita ce a'a. Dokar tarayya ta hana wanda ya shiga Amurka da bizar zama na ɗan lokaci, kamar ta karatu ko ta ziyara, ya mallaki bindiga ko harsashi, in ban da wasu 'yan togaciya, kamar mai riƙe da lasisin farauta na wata jiha. Shawarata ita ce ka shiga ka kalla, ka yi tambayoyi, amma ka bar hannunka a aljihu ko da mai kaya ya miƙo maka ka gwada. Kada kuma ka yarda abokinka ya saya da sunansa a madadinka, domin tun daga wata dokar tarayya ta 2022 wannan laifi ne mai zaman kansa da zai iya kai mutum ɗaurin shekara 15.

TAMBAYA: Malam, na ji a rediyo cewa a waɗannan kasuwanni kowa zai iya sayen bindiga ba takarda ba tambaya, kamar mai sayen fartanya. Gaskiya ne? Daga mai karatunku a Kano.

AMSA: Malam, maganar tana da tushe, amma an ƙara mata gishiri. Masu sayarwa iri biyu ne. Dillali mai lasisin gwamnatin tarayya, wanda wata doka ta 1986 ta ba damar kai kayansa bajekoli, dole ya yi a can abin da yake yi a kantinsa: mai saye ya nuna katin shaida, ya cika fom mai lamba 4473, sannan a tura sunansa ga tsarin bincike na FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya, wanda ya fara aiki a Nuwamban 1998 a ƙarƙashin dokar Brady ta 1993. Amsa takan dawo cikin mintoci, ko a sayar, ko a dakata, ko a hana. Dillalin ba zai sayar da ƙaramar bindiga ga wanda bai kai shekara 21 ba, doguwa kuma sai mai 18.

Iri na biyu shi ne mutumin da ba sana'arsa ba ce, ya kawo ɗaya ko biyu daga cikin nasa. Dokar tarayya ba ta tilasta masa binciken mai saye ba muddin jiharsu ɗaya, illa dai an hana shi sayar wa wanda ya san doka ta haramta masa. Wannan ita ce kafar da ake ta jayayya a kanta, kuma ba ta bajekoli kaɗai ba ce, domin irin wannan ciniki yana iya faruwa a ƙofar gida. Wasu jihohi sun toshe ta: masu zaɓe a Kolorado sun wajabta bincike a bajekoli a 2000, bayan harbin makarantar Columbine na 1999, Kalifoniya kuma ta ce kowane ciniki ya bi ta hannun dillali, a kuma jira kwana 10 kafin a karɓi kaya.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Maigidana ya je taron masu wuƙaƙe a nan Atlanta, ya dawo da wata wuƙa mai zane-zane a jiki, ya ce dala 900 ya saya. Ya hana a yanka ko albasa da ita, yana dai shafa mata mai yana mayarwa kube. Ba cutarsa aka yi ba kuwa? Daga uwargida a Atlanta.

AMSA: Hajiya, barka kadai. Ba zan yanke hukunci a kan wuƙar da ban gani ba, amma wannan farashi ba baƙo ba ne a taron Blade Show da ake yi a yankinku kowane watan Yuni, wanda shi ne mafi girman bajekolin wuƙaƙe a duniya. A can akwai maƙeran da masu son aikinsu suka fi wuƙaƙen yawa, har sai an jefa ƙuri'a, kuma wanda sunansa ya fito ba kyauta ya ci ba, damar saye kawai ya samu.

Zanen da kika gani, idan na gaske ne, shi ake kira ƙarfen Dimashƙa. Maƙeri yakan jera ƙarfe iri biyu, ɗaya bisa ɗaya, ya gasa su ya bubbuga har su haɗe, ya ninka ya sake bugawa, har falle ya kai ɗaruruwa, sannan ya tsoma a ruwan asid wanda ke cin iri ɗaya fiye da ɗayan, sai zane ya fito kamar igiyar ruwa. Wani maƙeri mai suna Bill Moran ne ya farfaɗo da wannan aiki a Amurka a 1973, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar maƙeran wuƙa ta ƙasar a 1976. Jarrabawar ƙungiyar ta burge ni tun ranar da na fara jin ta, domin duk maƙerin garinmu zai gane hikimarta. Mai neman shaidar ƙwarewa sai ya tsinke igiya mai kauri da ke lilo a sama da sara ɗaya, ya datse katako sau biyu, wuƙar ta aske gashin hannu bayan duk wannan, sannan a matse ta a lanƙwasa har ta yi kusurwa sosai ba tare da ta karye gida biyu ba. Wanda ya haye matakin farko yana buga JS a wuƙarsa, wanda ya kai na ƙoli kuma MS, kuma wuƙar gwajin na ƙolin sai ta kasance ta Dimashƙa mai falle aƙalla 300.

Akwai na jabu, ba shakka, waɗanda aka zana wa ado a fata kawai, da na masana'anta masu araha da ake sayarwa da sunan aikin hannu. Ki ce wa maigida ya nuna miki sunan maƙerin a gindin kaifi, kusa da ƙota, ya kuma duba ko zanen ya ratsa har ƙashin bayan wuƙar. Wasu maƙera suna haɗa wa mai saye kati mai ɗauke da irin ƙarfen da ranar ƙira, kuma wannan katin yana ƙara mata daraja ranar da za a sayar. Man da yake shafawa kuwa yana kan daidai, domin irin wannan ƙarfe yana tsatsa daga gumin yatsa kaɗai. Gyara ɗaya zan yi masa: kada ya bar ta kwance a kuben fata na tsawon watanni, saboda fata tana riƙe danshi, gara ya naɗe ta a ƙyalle mai ɗan mai ya ajiye kuben a gefe. Idan kuma za ku zo da ita gida, a akwatin da ake aunawa za ta shiga, domin masu binciken filin jirgi ba sa barin wuƙa a jakar hannu.