Amsa: Zuba wa kaji magani a ruwan sha kullum

Hajiya, kin ce kina kiwon kajin gidan gona a Rigasa, kina tambaya ko ya dace ki riƙa fasa musu kafso ja da yalo a ruwan sha kullum don riga-kafi. A'a, ki daina. Tetrasaikilin ne, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya, na kazar da ta kamu ne, shi ma na 'yan kwanaki kuma da sanin likitan dabbobi. In ana ba su kullum, ƙwayoyin cuta masu rauni ne ke mutuwa, masu taurin kai cikin irin su Salmonella da E. coli su saura su hayayyafa. Su ne ke bin nama da hannun mai figa da kashin kajin da masu lambu ke saya su zuba wa latas a bakin Kogin Kaduna. Ranar da yaro ya kwanta da gudawa, a ba shi magani, maganin ya ƙi yi masa aiki. Tarayyar Turai tun 2006 ta hana ba dabbobi irin waɗannan magunguna don su yi saurin girma.

A nawa kiwon, abin da ya fi kwashe kaji Gumboro ne da Niyukasil, kuma bairos ke kawo su, kafso ba ya yi musu komai, asarar kuɗi ce kawai. Ki tsare riga-kafin Lasota (na Niyukasil) da na Gumboro a kan lokaci, ki riƙa kwashe buntu da zarar ya jiƙe ya fara wari. In ciwo ya sa dole an ba su magani, ki duba jikin kwalin, akwai kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a kai kasuwa.