Shahon da ke saman bene

Malam ka ce kullum kana ganin shaho biyu a saman dogon bene amma ba ka ga sheƙa ba, wai ko ƙwai za su yi? Ai in irin wanda Turawa ke kira peregrine ne ba ya tara tsinke kamar shirwa, ɗan gurbi kawai yake tonowa cikin tsakuwa macen ta saka ƙwai 3 ko 4, kwanci wajen kwana 33. Babbar cikinsu ita ce macen fa. In ka ga namijin na kawo mata tantabara tana figa gashi na zubowa ƙasa, to magana ta ƙare. Amma don Allah kar ka hau, suna kai hari wallahi.